Zama Da Mijin Da Ya Bugu A Ƙwaƙwalwa: Jagora Ga Mai Jinya Bayan An Sallamo Shi Daga Asibiti

Ranar da aka sallamo mutum bayan hatsarin da ya bugu a ka, gida cika yake da 'yan barka da arziki. An cire zaren ɗinki, yana takawa da ƙafarsa, ya gane kowa, yana amsa gaisuwa. Kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya kama gabansa. Sai bayan wata ɗaya ko biyu matar gidan take fara ganin abin da 'yan dubiya ba su gani ba. Mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba ya zama mai saurin hasala. Ya tambaye ta abu sau huɗu kafin azahar. Ta yi kuka a gabansa ya bi ta da ido kawai. Idan ta kai ƙara sai a ce mata ai ya warke, ta gode wa Allah.

Wannan jagora domin ita aka rubuta shi. Na yi magana da mace saboda yawancin masu buguwa a ka a hanyoyinmu maza ne masu jini a jika, 'yan achaɓa da fasinjojinsu da direbobi da masu gini. Amma mijin da matarsa ce ta bugu, ko saurayi da budurwar da aka sa musu rana, kusan duk abin da ke nan ya shafe su.

Mataki na farko: ki san abin da ya faru a cikin kan

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi a cikin ƙashi mai tauri, kuma cikin ƙoƙon kai ta gaba da ta ƙasa ba sumul yake ba. Idan kai ya daki kwalta, ƙwaƙwalwar kan bugi ƙashin ta koma ta bugi ɗaya ɓangaren. Wuraren da suka fi shan wuya su ne na bayan goshi da na gefen kunnuwa. Na gefen kunne yana da hannu wajen riƙe sabon abu da fahimtar magana. Na bayan goshi kuwa shi ne birkin mutum: shi ke hana shi faɗin duk abin da ya zo bakinsa, shi ke tsara masa yini, shi ke sa ya karanta fuskar wani ya gane ya ɓata masa rai. Idan birkin nan ya samu matsala, mutum yana nan da iliminsa da haddarsa, amma tsayawa inda ya kamata ta gagare shi.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. A 1848 wani ma'aikacin shimfiɗa layin dogo a jihar Vermont ta Amurka, Phineas Gage, sandar ƙarfe ta shiga ta kumatunsa ta fita ta saman kansa. Ya rayu, yana magana, yana tafiya, amma likitan da ya duba shi ya rubuta cewa halinsa ya sauya har abokansa suka ce ba shi ba ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken doki na fasinja a ƙasar Chile, aikin da ke da lokaci da tsari iri ɗaya kullum. Ki riƙe wannan, domin tsari shi ne rabin maganin da za ki iya bayarwa a gida.

A ganin likita na gaba ki yi tambayoyi uku, ki rubuta amsa. Na ɗaya, maki nawa ya samu a ma'aunin suma lokacin da aka kawo shi? Wannan ma'auni, wanda likitoci biyu suka fito da shi a birnin Gilasgo a 1974, yana kamawa daga 3 zuwa 15. Daga 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Na biyu, kwana nawa ya yi a ruɗe ba ya riƙe abin da aka gaya masa? Tsawon wannan ruɗewa yana nuna yadda hanyar warkewa za ta kasance. Na uku, wane ɓangare ne hoto ya nuna ya taɓu? Kada kuma "hoton ya fito lafiya lau" ya sa ki ƙaryata idonki. Hoton CT, wato hoton cikin kai da ake ɗauka da na'ura a asibiti, jini da karaya da kumburi yake gani. Siraran jijiyoyin da suka tsinke a ciki sau da yawa ba sa fitowa.

Sauƙin da ya fi saurin zuwa yana zuwa ne a watanni shida na farko, ya ci gaba a hankali har shekara biyu, wani ma ya wuce haka. Saboda haka mutumin da kike gani a wata na uku ba lallai ne shi za ki zauna da shi har abada ba.

Mataki na biyu: abubuwan da ba a jira da su

Ciwon kai mai ƙaruwa, amai a kai a kai, barcin da ake tashinsa da ƙyar, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta harɗe, ruwa garai-garai yana ɗiga ta hanci ko kunne: asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Ga dattawa musamman, jini kan taru a hankali ya bayyana bayan makonni da faɗuwar da kowa ya manta da ita.

Wasu suna samun farfaɗiya bayan irin wannan rauni. Idan ta tashi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ya kwanta ta gefe. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa ko rubutu, ba a danne shi. Idan ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, a tafi asibiti. Maganin farfaɗiya ba a yanke shi don an ga sauƙi. Tiramadol kuma, wanda wasu ke saye a kemis don ciwon kai, yana iya tayar da farfaɗiya, don haka a nisanta shi da shi, shi da duk wani abin maye.

Babur da mota sai likita ya amince. Bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta gama warkewa ba ya fi na farko ɓarna. Lokacin da aka tilasta sa hular kwano a Najeriya a farkon 2009, wasu 'yan achaɓa ƙwarya suka riƙa kifawa a ka ana dariya. Matar da ta yi jinyar irin wannan rauni ba ta ganin abin dariya a ciki.

Mataki na uku: ki sayi littafi

Littafin makaranta mai ganye arba'in ya isa. Tsawon mako biyu ki riƙa rubuta abu kaɗan: ƙarfe nawa ya tashi, yaushe ya hasala, me ake yi a lokacin, su wa ke gidan, ya yi barcin rana ko bai yi ba. Yawancin mata da suka gwada wannan abu ɗaya suke ganowa, wato rigimar tana da lokacinta. Ga wasu bayan la'asar ne da yara suka dawo Islamiyya, talabijin na yi, injin markaɗen maƙwabta na ruri. Ga wasu ranar da baƙi suka yini ne.

Dalili shi ne gajiya, kuma gajiyar ƙwaƙwalwar da ta bugu daban take da ta mai lafiya. Hirar mutum biyar a zaure na rabin awa tana iya kwantar da shi yini guda. A nan al'adarmu ta dubiya, wadda alheri ce, take zama nauyi. Ke ba za ki iya korar 'yan uwansa ba, amma yayansa ko kawunsa zai iya cewa likita ya ce mutum biyu-biyu, minti goma, bayan hantsi. Ki nemi wanda zai faɗi wannan a madadinki tun kafin a ce kin kanainaye shi.

Daga abin da littafin ya nuna sai ki gina yini: tashi lokaci ɗaya, magani lokaci ɗaya, ƙailula bayan azahar ko yana so ko ba ya so, kwanciya da wuri. Maganar kuɗi ko ta makarantar yara a yi ta da safe. Makulli da waya da tabarau su samu wuri ɗaya da ba ya sauyawa. A sa masa ƙararrawa a waya don magani. Idan ya daina jin ƙanshi, wanda yakan faru, to ba zai ji warin iskar gas ko abincin da ya lalace ba, ki kula da wannan.

Mataki na huɗu: ki sauya yadda kike magana

Kalmar da ta fi kowace haddasa faɗa a irin waɗannan gidaje ita ce "ba na gaya maka ba?" Kin gaya masa, gaskiya ne. Bai shiga ba ne. Haka "ka tuna wace ce wannan?" a gaban baƙi jarrabawa ce da zai faɗi, ya ji kunya, kunyar ta koma fushi. Maimakon haka ki ba shi amsar a cikin maganar: "Baban Abba, ga Hajiya Ƙarama ta zo gaishe ka."

Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Idan kika ce ya biya kuɗin wuta, ya biya ta wurin tela, ya taho da burodi, na ƙarshen kaɗai zai dawo da shi, ko ya dawo hannu rabbana. Ki rubuta a takarda ko ki tura masa saƙo. Ki kashe rediyo kafin ki fara magana, ki bari ya dube ki, ki ba shi lokaci ya nemo kalmar da ta maƙale ba tare da kin ƙarasa masa ba. Habaici da shaguɓe da shirun fushi, waɗanda a da ya kan gane tun daga bakin ƙofa, yanzu suna iya wuce shi gaba ɗaya. Idan ranki ya ɓaci ki faɗa ƙarara: "Maganar da ka yi ɗazu a gaban ƙanwata ta ɓata min rai." Da yawa daga cikinsu idan an faɗa musu haka mamaki suke yi, su ba da haƙuri da gaske.

Akwai wani abu mai wuyar haɗiyewa. Raunin kansa yakan hana mutum ganin cewa ya sauya. Idan ya ce lafiyarsa ƙalau, ke ce kika sauya, ba lallai taurin kai ba ne. Gardama ba ta gyara wannan. Abin da ya fi aiki shi ne a bar shi ya gwada ƙaramin abu marar haɗari, kamar lissafin cefanen mako, ya ga sakamakon da idonsa, ko likita ya faɗa masa da bakinsa.

Idan yana rikicewa a raka'o'in salla har abin yana damunsa, bin jam'i a masallacin unguwa yana ɗauke masa ƙirga, kuma yana fitar da shi cikin maza na ɗan lokacin da ba zai gajiyar da shi ba.

Mataki na biyar: fushi

A nan aure ya fi karyewa, don haka zan daɗe.

Fushin raunin ƙwaƙwalwa yana da kamanninsa. Yana tashi farat ɗaya a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya sauka cikin mintuna, wani lokaci ma mai shi ya manta ya yi, ya nemi abinci kamar ba a yi komai ba, ke kuwa kina nan zuciya na tafasa har dare. Yayin da yake sama babu hujjar da za ta shiga. Ki rage murya, ki rage kalmomi, ki fitar da yara, ki ba shi fili. "Bari in duba tukunya, ina dawowa" ta fi kowace amsa. Kada ki tsaya a bakin ƙofa ki tare masa hanya.

Aikin gaske ana yin sa ne lokacin da yake cikin natsuwa. Ku zauna da safe ku yi yarjejeniya a kan wata alama, kalma ɗaya ko ɗaga hannu, wadda in ɗayanku ya yi ta an dakata, shi ya shiga ɗaki ko ya fita ƙofar gida na minti goma. Ku lura tare da abin da ke zuwa kafin fashewar: wani yakan fara murza goshi, wani ya fara kai da kawo. Idan shi ya zaɓi alamar da kansa ya fi girmama ta.

Sanin cewa ciwo ne ba ya nufin ki miƙa wuya ga duka. Idan ya kai hannu jikinki ko jikin yara, ko ya ɗauki makami, ku fita, ki sanar da waliyyinki da nasa a ranar, a koma wa likita. Akwai magungunan da ke rage irin wannan, kuma sau da yawa a ƙarƙashinsa akwai ciwon damuwa ko rashin barci da ba a kula da su ba. Idan ya fara cewa gara ma da ya mutu a hatsarin, kada a ɗauke ta maganar ɓacin rai, a gaya wa likita da gaggawa. Ban yarda da masu ce wa mace ta yi haƙuri ai lada take samu alhali ana fasa mata baki ba. Shi ma kansa ba a taimake shi ba idan aka bar shi yana aikata abin da zai zo yana nadama.

Sai maganar saki. Mutumin da harshensa ya kuɓuce masa yana iya furta ta cikin hargowa. Malamai sun bambanta tsakanin fushin da mutum ya san abin da yake faɗa da halin da hankali ya gushe, kuma ba ke ko shi za ku yanke wa kanku hukunci ba. Shawarata ita ce tun kafin hakan ta faru ku karɓi takardar likita mai bayanin raunin, ku ajiye. In ta faru sai a je wa malami masani ko alƙali da ita a hannu.

Mataki na shida: dangi

Idan ɗa ya sauya hali bayan hatsari, ba a rasa mai cewa sammu ne, ko iska ce ta shafe shi a wurin da ya faɗi, kuma yatsa yakan nuna matar ko kishiyarta. Kada ki tsaya kare kanki da baki. Ki roƙi mahaifiyarsa ta raka ku asibiti: "Inna, don Allah ki zo ki ji da kunnenki, ni ban iya mayar da bayanin likita ba." Abin da za ta ƙi ji daga suruka za ta karɓa daga likita. Addu'a da tofi ba su hana shan magani, amma duk mai maganin da ya ce a ajiye ƙwayoyin asibiti, ko a yi masa turaren da zai shaƙe shi, ko a ɗaure shi a doke shi, a guje shi.

Masu cewa "in akwai abin da za mu yi ki faɗa" ki ba su aiki takamaimai: wane ya kai shi asibiti gashin ƙashi ranar Talata, wance ta ɗauki yara ranar Asabar. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, littafin nan da jadawalin magani su riƙa bin sa ɗakin mai girki. Idan tsarin uwargida daban na amarya daban, shi zai rikice, ku duka ku sha.

Yara kuma a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: kan Baba ya ji ciwo a ciki, shi ya sa hayaniya ke damunsa, ba laifinku ba ne.

Mataki na bakwai: kuɗi da girma

Mutumin da ya saba shi ke ba da kuɗin cefane, yau ana ba shi, wannan yana cin sa fiye da ciwon kai. Ga shi kuma raunin yakan sa kashe kuɗi ba lissafi da saurin yarda da 'yan damfara. Ku raba abin biyu: babban kuɗi da katin banki su zauna inda sai da sanin mutum biyu, shi kuma ya riƙe abin kashewa na mako wanda ba mai tambayarsa. Ki ci gaba da neman shawararsa a kan al'amuran gida ko da kin san amsar. Komawa aiki a yi ta da kaɗan-kaɗan, awa biyu a shago da safe tare da wani, kafin a ƙara.

Mataki na takwas: shimfiɗa

Kunya ta sa ba a tambayar likita wannan, alhali yana cikin abin da raunin ke taɓawa kai tsaye. Wani sha'awarsa ta mutu, wani ta ƙaru har ya riƙa maganar da ba ta dace ba a gaban mutane. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta mai sarrafa sinadaran jiki, bugu yakan taɓa ta, kuma gwajin jini yana nunawa. Wasu magungunan farfaɗiya da na damuwa su ma suna rage sha'awa, ana iya sauya su. Saboda haka kada ki yanke cewa ya daina son ki, kada kuma a nufi masu tallar maganin maza a tasha. Idan matar ce mai raunin, a sani wasu magungunan farfaɗiya suna raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa, wani kuma yana cutar da ɗan tayi, don haka a yi maganar ciki da likita tun kafin a ɗauka.

Ke ma kina iya jin kin kasa. Matar da ta yini tana ba da magani tana sa ido kamar uwa, da wuya ta koma amarya da daddare. Abin da ke taimakawa shi ne wasu ayyukan jinya, kamar aski da rakiyar asibiti, su koma hannun ɗan'uwansa, ku kuma ku ware rabin awa da ba a maganar ciwo: shayi bayan isha'i, kallon hotunan biki, zama kusa da juna ba tare da an sa ran komai ba.

Mataki na tara: ke kanki

Za ki yi kewar mutumin da yake zaune a gabanki, kuma ba wanda zai zo miki ta'aziyya. Wata rana za ki ji haushinsa, ki dawo ki ji haushin kanki. Wannan ba rashin imani ba ne. Ki samu mutum ɗaya mai riƙe sirri da za ki faɗa wa gaskiya, ki riƙe sana'arki ko makarantarki ko da rabi ne, ki je gidanku ki kwana idan an samu mai zama. In barci ya ƙaurace miki makonni, ko kuka ya zama na kullum, ke ma ki ga likita.

Wasu auren suna tsayawa su yi ƙarfi a sabon yanayi, wasu ba sa kaiwa. Abin da zan ce kawai shi ne kada a yanke babban hukunci a watannin farko in ba don tsira da lafiya ba, domin lokacin komai bai zauna ba. Waɗanda aka sa wa rana kuma, ɗaga biki ya fi a rufe wa ɗaya ɓangaren gaskiya. Su zauna da juna sau da yawa, a lokacin gajiyarsa ma, ba da safe kaɗai ba.

Inda za a nema

Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suna manyan asibitocin koyarwa, irin su na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Don sauyin hali da fushi da damuwa, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Likitan da ya yi masa aiki yakan duba ɗinki da hoto ya ce komai ya yi kyau, saboda cikin minti biyar a ofis mijinki zai iya zama daidai. Don haka ki shiga tare da shi, ki tafi da littafinki da duk kwalayen magungunan da yake sha, har na gargajiya, ki nemi a tura ku wurin masu gashin ƙashi, da masu koyar da magana in yana buƙata, da likitan halayya. Abin da ba za ki iya faɗa a gabansa ba ki rubuta a takarda ki miƙa wa nas kafin a kira ku.